Kwalbar da Gambo ke aikawa Takanamat

Shekara arba'in da ɗaya ke nan katanga ɗaya ce tsakanina da Gambo a unguwar Bilbis, cikin Tawa, kuma ban taɓa jin ta kira sunan ɗiyarta ta fari ba. Sunan yarinyar Shamsiya. Gambo kuwa sai ta ce "waccan", ko "mutuniyarki" in da ni take magana. Da aka yi mata aure sai ta koma "ta Takanamat". Haka aka rene mu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna masa so a gaban mutane. Mata da yawa sun saki wannan tuni. Gambo ta riƙe shi da hannu biyu, alhali duk Bilbis an san babu wanda take so kamar yarinyar nan. In ta dafa kaza, cinyar ta Shamsiya ce, amma sai ta miƙo mini ta kan katanga ta ce in ba mutuniyata.

A Tebaram aka haife ta. Ita ta bi tagwaye, shi ya sa sunan. Kakarta unguwarzoma ce, kuma a wurinta ta koyi haɗin tsarki na mata: bagaruwa, ganyen magarya, kanunfari da ɗan alif, a tafasa, a tace, a zuba a kwalba. Aure ya kawo ta Tawa, gidan wani majemi, inda bagaruwa ke jibge buhu-buhu don jimar fata. Da mijin ya rasu ya bar ta da ƴaƴa huɗu, da wannan haɗin ta ci da su. Amare ne masu sayenta, da masu jego, da matan da mazansu ke kan hanyar dawowa daga bidar kuɗi a Abijan.

Gajera ce, mai ƙaton murya, haƙoranta jajur da goro. In tana yi wa mai saye bayani, bakinta ba shi da linzami. Ina jin ta daga tsakar gidana.

"Murhi ɗaya cikin buta, ran da kinka yi wankan al'ada. Shi ke nan, sai wani wata. Kin ji ko? Ba miya ba ta, da za ki yi ta ƙari. In kinka ƙone kanki kada ki zo min nan da kuka, ki tahi wajen wanda kinka yi ma kwalliyar."

Matan su fita suna rufe baki da mayafi. Kwalba ɗaya takan kai mace wata shida.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a kaina. Ni malamar lakwal ce, na yi shekara talatin ina koyar da ƴan firamare. Wata shekara da aka yi annobar amai da gudawa, aka raba mana hotuna mu nuna wa yara yadda mikrob ke shiga ruwa. Na kawo ɗaya gida na nuna wa Gambo. Na ce mata ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma duk cutar duniya su ne. Ban ce mata akwai na kirki a cikinsu ba, don ni ma ba a koya mini ba. Gambo mace ce mai son aikinta ya fi na kowa. Ta tafi farmasi ta sayo ƙwayoyin nan da ake jiƙawa a wanke miki, masu mayar da ruwa shunayya, ta kankare sabulun kashe cuta, ta ƙara a haɗin kakarta. Ta nuna mini kwalbar a rana tana murna.

"Ke ƴar lakwal, ga mikrob ɗinki nan na gama da su."

Na yaba mata. Har na ce ta fi wasu likitocin hankali.

Shamsiya ta auri Attaher, ɗan Takanamat, yaro mai kunya da ƙoƙari. Kamar yawancin samarin can, da an gama girbi sai ya kama hanyar Abijan, ba a sake ganinsa sai hadarin farko. Ran Lahadin farko bayan biki, ranar kasuwar Tawa, Gambo ta ɗaure ƙullin kayan miya da tukuɗi, ta soka kwalbar haɗin a tsakiya, ta kai tasha ta ba direban motar Takanamat. Ba ta haɗa da saƙon baki ba. Ina za ta iya? Abin da take faɗa wa matan gari da ƙarfi, ba za ta faɗa wa ɗiyar fari ba ko da raɗa.

Lahadin da ta zagayo, direba ya dawo mata da kwalbar, babu komai ciki, an wanke ta tas. Gambo ta juya ta, ta leƙa, ta yi dariya.

"Rabawa takai ma maƙwabta. Hannunta sake yake, awa na ubanta."

Ta sake cikawa ta aika. Haka kwalbar ta yi ta zuwa tana dawowa, kowane mako, shekara bakwai.

A shekara bakwai ɗin nan Shamsiya ba ta yi ko ɓatan wata ba. Ƙannenta biyu da aka aurar bayanta sun haihu, ɗaya har sau uku. Dangin Attaher ba su tsangwame ta ba, in faɗi gaskiya, amma ba sai an yi wa mace magana take sanin ana kallon cikinta ba. Ta daina zuwa suna. In ta zo Tawa, sai ta zauna nesa da inda ake goyon jarirai, ta kama wanke-wanken da ba a sa ta ba. Gambo kuwa ta bi malamai, ta sayo rubutu, ta yanka zakara, ta aika saiwoyi har daga Tebaram. Duk a cikin ƙullin Lahadi suke tafiya, gefen kwalba. Tambaya ɗaya ce ba ta taɓa yi wa yarinyar ba: me kike ji a jikinki?

Ni ce na yi tambayar. Shamsiya ta zo gaisuwar rasuwa cikin bazara, ta shigo ɗakina ta gaishe ni, na ga yadda take zama a ɗosane, da gefe ɗaya. Na tura ƙofa.

"Ke, mi ke damunki? Kada ki ce min babu, na girmi uwarki."

Ta daɗe tana murza bakin zane kafin ta ce, "Goggo Madam, sanyi ne. Ya ƙi ƙarewa."

Sanyi shi ne sunan da mata ke ba duk abin da ya dame su a gaba: ƙaiƙayi, zafi, ruwa mai ƙarni, ciwon mara. Ta ce tun shekarar farko ta aure yake. In ta sha ƙwayoyin ƴan tebur ya lafa, bayan sati biyu ya dawo.

"Kuma wallahi ba ƙazanta nikai ba, Goggo. Babu wadda ta hi ni tsarki a Takanamat."

Na san wata yarinya, Esta, da ke aiki a labo, ɗakin awo, a wani asibiti nan cikin gari. Kirista ce, iyayenta daga wajen Maradi suke, kuma da ubanta Mushe Daniyel, kamar yadda ake kiran malamai maza, muka yi koyarwa a lakwal ɗaya. Na kai Shamsiya, sajfam, unguwarzomar asibiti, ta duba ta, ta ɗebi ruwan gaban da auduga a kan tsinke, aka kai wa Esta. Aka ce mu dawo jibi.

Ranar komawa na leƙa ta katanga na ce wa Gambo ta ɗauko mayafi.

"Ni da waccan ɗaki ɗaya, ana maganar ƙasan zanenta? Tsuhwa ta hwara taɓa miki kai."

"Ki zauna bayanta, ba ki ganin huskarta. Tashi."

Ta zage ni har bakin titi, amma ta hau kabu-kabu.

Ɗakin Esta ƙarami ne, da benci ɗaya. Shamsiya ta zauna a wannan bakin, Gambo a wancan tana kallon bango, ni a tsakiya. Esta ba ta miƙo takarda ta sallame mu ba, kamar yadda wasu ke yi. Ta jawo mikroskop, madubin nan da ke girmama abin da ido ba ya gani, ta ce kowa sai ta leƙa.

"Inna, bismilla. Ke ce babba."

Gambo ta matso kamar za ta leƙa rijiya, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu.

"Mi kika gani, Inna?"

"Ƴan sanduna. Awa an karya tsintsiya an watsa."

"To wannan na wata mata ne mai lafiya, na aje shi don koyarwa. Sandunan nan mikrob ne."

Gambo ta ɗago da sauri. "Mai lahiya, da wanga tarin ƙazanta?"

"Ba ƙazanta ba ne, Inna, ƴan gida ne. Kowace mace da su Allah ya yi ta. Dangin waɗanda ke sa madara ta kwana ta zama nono ne. Su ke sa wurin ya yi ɗan tsami, kuma tsamin nan shi ke hana miyagun zama."

Esta ta cire ɗan gilashin da ke ƙarƙashin madubin ta sa wani. "Ga na ɗiyarki."

Gambo ta daɗe a kan wannan. "Babu sanduna," ta ce. "Sai wani abu awa gari."

"Su ne baƙin. Ƴan gida sun ƙare, su sun samu wuri. In suka daɗe sukan hau sama, su kai mahaifa da hanyoyin da ƙwai ke bi, su sa kumburi. Kumburi in ya warke yakan bar tabo, tabo kuma ya toshe hanya."

Gambo ƴar Tebaram ce, cikin shanu ta tashi. Ta koma benci tana magana ita kaɗai. "In anka zuba madara, ana sa mata ɗan tsohon nono. In babu shi, ruɓewa takai." Sai ta dube ni, ba ta dubi Esta ba. "To mi ya kashe su?"

Esta ta juya wajen Shamsiya ta tambaye ta da me take tsarki. Shamsiya ta sunkuyar da kai ta ce mini, ni, ba Esta ba, "Goggo, ki ce mata da haɗin gida."

Gambo ta gyara zama. "Shekara talatin ina wanga haɗi. Rabin matan Bilbis da shi sunka shiga ɗaki, ga ɗiyansu nan sun cika titi sun hana mutane wucewa."

"Ban musa ba, Inna," in ji Esta. "Ni dai ko sau ɗaya ba na son a sa shi ciki. Amma bari in ji. Sau nawa take yi?"

Gambo ta zungure ni da gwiwar hannu. "Tambaye ta."

Tsakaninsu bai fi kamu uku ba. Na juya na ce, "An ce sau nawa."

"Ki ce sahe da rana da marece. In na ji ƙarnin, in ƙara."

"A wata?" Gambo ta tambaye ni.

"Kullum," Shamsiya ta ce wa ƙafafunta. "Har ciki. Na ga duk Lahadi ana aiko da kwalba, na ce to ta mako ɗaya ta. In ta rage sai in ji kunyar maida ta, kada a ce na raina. Sai in ƙarasa ta ran Asabar."

"Zahin hwa? Ce mata ba ta jin zahi?"

"Ina ji. Na zaci maganin na aiki ne."

Goron da ke bakinta Gambo ta tofa a tafin hannu ta riƙe, ta rasa inda za ta aje. Ba ta yi kuka ba, ba irinta ba ce. Esta, Allah ya yi mata albarka, ba ta bar ta da nauyin duka ba. Ta ce ba za ta rantse cewa haɗin kaɗai ne ya hana haihuwa ba. Akwai cututtukan da namiji ke kawowa bai sani ba, akwai kuma matsalar da ke ga namijin kansa. Sai likita ya yi hoton mahaifa, kuma sai an auna mijin. Amma abu na farko, a daina kwalbar yau. Ruwa zalla, daga waje kawai.

A hanyar gida Gambo ta ƙi hawa kabu-kabu. Muka taka a ƙasa cikin rana, Shamsiya na bayanmu. Sai da muka kusa gida ta ce, "Ke kinka ce min a kashe su duka."

"Ni na ce. Ke kuma kinka aika kwalba babu bayani."

"To mu biyu ne jakkai."

"Mu biyu ne."

Ta hana Shamsiya komawa Takanamat, ta ce a gaya wa dangin miji tana jinya. Likita ya rubuta magani, Gambo ta riƙe kwalin a ƙugunta, in lokaci ya yi ta ƙwala mini kira ta katanga in zo in ba mutuniyata. Hoton ya nuna hanya ɗaya ta toshe, ɗayar a buɗe take. Likitan ya ce da ɗaya ma ana haihuwa, amma bai yi alkawari ba.

Cikin makon nan Gambo ta kwashe ƙwayoyin shunayya da sabulun ta zuba a masai. Ta bi gidajen masu sayenta ɗaya bayan ɗaya, har unguwar Garkawa, tana cewa a zubar da abin da ya rage. Wasu suka ce ta tsufa ta rikice. Wata ta ce ai kishin sana'a ne ya sa ƴan asibiti suka ruɗe ta. Gambo ta ce mata, "Ke tahi ki leƙa madubin, ki ga ko kina da sanduna." Daga nan ba ta sake dafa haɗin ba, ko irin na kakarta. Ta koma yin tukuɗi tana kaiwa tasha. Ba ya kawo abin da haɗin ke kawowa, kuma a shekarunta daka ba wasa ba ne.

Saura Attaher. Ya dawo da ruwan farko, ya zo ɗaukar matarsa, ya durƙusa a zaure yana gaisuwa ido a ƙasa. Suruki da uwar mata a wurinmu ko ido ba sa haɗawa, balle maganar awon maniyyi. Na ce zan gaya masa. Gambo ta ce a'a, aike ne ya kai ta inda take. Ta fito zauren, ta juya masa baya, ta fuskanci bango.

"Ke katanga," ta ce da ƙarfi, "ki gaya ma mutumin Takanamat gobe da sahe akwai awo a asibiti, kuma nashi ne. Abin da anka ce shi bada, shi bada. Ƙwayar da anka ba shi, shi shanye, kada shi raba ma abokai. In ya ƙiya, matarshi na nan gidana har shi gama noma shi kaɗai."

Attaher gumi ya jiƙa masa riga. Ya dubi ƙofa, ya dube ni, na ɗauke kai. Can ya ce da ƙaramar murya, shi ma wajen bangon, "Katanga, a ce ma Inna na ji."

Na shige gida da sauri don kada dariya ta kubce mini a gabansa.

Ya je. An samu wata cuta a jikinsa da bai san da ita ba, irin wadda ba ta nuna alama, aka ba su magani tare. Bayan wata uku Esta ta sake duba Shamsiya, ta aiko a kira Gambo ta zo ta leƙa. Sandunan sun fara dawowa, jefi-jefi. Gambo ta ƙirga su da baki har goma sha ɗaya, ta ce wa Esta ɗaya ya rame, a ba shi abinci.

Damina ta wuce babu ciki. Ta biyu ma haka. Gambo ta daina zancen, ta rame, dariyarta ta ragu. A shekara ta uku likita ya ce wa Attaher a fili, mace mai hanya ɗaya ba ta son mijin da ke gida wata huɗu kawai a shekara. Ya fasa Abijan, ya zauna yana sayo awaki a ƙauyuka yana kawowa kasuwar dabbobi ta Tawa. Abokansa suka yi ta yi masa ba'a, wai ya zama ɗan tsaron gida. A ƙarshen rani Shamsiya ta aiko mini da saƙo ta bakin wata mata, cewa in gaya wa mutanen gida ta yi wata biyu ba ta ga al'ada ba. Na leƙa katanga na faɗa. Gambo tana daka. Ta tsaya, ta ce, "To," ta ci gaba da daka, sai dai na ga taɓaryar na sauka a gefen turmi.

Watannin nan bakwai ba ta sayi ko hular jariri ba, ta hana kowa saye. A asibitin Tawa aka haihu, da hantsi, namiji, ƙarami amma da ƙarfin kuka. Sajfam ta fito da shi ta tambayi wa za a ba. Gambo ba ta tura ni ba. Ta ture ni. Jika ba a kunyarsa, kuma a wurinmu jika namiji mijin kakarsa ne, sai ta yi masa abin da ta ga dama. Ta buɗe zanen ta duba shi tun daga kai har yatsun ƙafa, ta ɗaga shi daidai fuskarta a gaban duk matan da ke jira a baranda.

"Kai, mummuna! Shekara goma ina kwalliya ina jiranka, sai da haƙorana sunka zube kaz zo? Ina kat tsaya? Ko kai ma Abijan kat tahi?"

Yaron ya tsala ihu. Ta ce, "Yi ta yi, angona, ni ma ban ga abin so ba," ta manna shi a ƙirji ta ƙi ba kowa, har sai da sajfam ta ce uwar na nema.

An sa masa Alhusaini. Shamsiya ba ta sake haihuwa ba har yau, kuma likita ya ce mai yiwuwa shi ke nan. Yaron ya isa shiga lakwal bana, an kawo shi Tawa wajen kakarsa. Gambo, da gwiwarta mai ciwo, ita ke raka shi har ƙofar aji kowace safiya, suna tafe suna zagin juna.